Ɗakin Sama na Firigo

Da ɗan yatsa abin ya fara. Ina kwance huhun goro a rumfata ta kasuwar Jugu, wata tsohuwar ƙusa ta soke ni a babban yatsan ƙafar hagu. Ban ma ji ba, sai da maƙwabcin rumfa ya nuna min jini a takalmina. Wannan tun ƙasar nan tana amsa sunan Dahome ne.

Sunana Ɗanbala. Goro nake sayarwa, shi ubana ya sayar, shi kakana ya riƙa ɗaukowa daga Gwanja yana tafe a ƙasa bayan jakuna. Mu mutanen hanya ne, ba mu saba kallon ƙafa ba, tafiya kawai muke yi da ita. Na sa toka, na ɗaure da tsumma, na ci gaba da harkata. Ciwon ya ƙi rufewa. Ga ƙishirwa da ta addabe ni tun kafin nan, in sha randa guda in ji kamar ban sha ba, ga fitsari ba dare ba rana, riguna duk sun yi min yawa. Matata Zuwaira ta yi ta mita har na gaji da kunnena, na hau mota zuwa Paraku.

A asibitin can likita ya ce ciwon sukari ne. Ina jin Faransanci, na koye shi a bakin duwan, wato kwastan, da tashar jirgin ƙasa, saboda haka babu wanda ya tsaya tsakanina da maganarsa. Ya ce allura zan riƙa yi kowace safiya har ƙarshen raina. Ya nuna min 'yar kwalba, ba ta kai yatsana tsawo ba, ruwan cikinta fari-fari, ya ce wannan ba ta son zafi, a ajiye ta a wuri mai sanyi. Sannan ya ƙwanƙwasa gwiwata da alƙalaminsa ya ce in sukarin ya sauka ciwon zai rufe, in bai sauka ba, daga nan zuwa ƙasa ba nawa ba ne.

Ƙanena Abduljalil yana zaune a Ganu, cikin Paraku, yana sayar da kayan kekuna. A gidansa na sauka, kuma tun kafin in gama cin tuwo ya gama tsara min rayuwata. Ya ce in tattara in dawo wurinsa. Gidansa akwai lantarki, akwai firigo, wato firiji, mai aiki da wuta, asibiti kuwa ko da rarrafe mutum ya kai. Ya ce, “Yaya, ɗakin zaure na nan babu kowa. Me ke cikin Jugu da ya fi ƙafarka?”

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushi. Na ce masa goro ba ƙarfen keke ba ne da za a jingine a kulle ƙofa. Goro sai an buɗe shi, an duba, an tsince mai sankara kafin ya shafa wa sauran, an sake ganye, an yayyafa ruwa. Ka bar shi a hannun wani, ka dawo ka tarar da shara. Wannan na faɗa a fili. Abin da ban faɗa ba shi ne ni na goya Abduljalil, ni na yi masa aure, kuma ban ga yadda zan zauna a zaurensa ina jiran matarsa ta aiko min da koko ba.

Na koma Jugu da kwalabena da sirinjin gilashi. Malamin ɗakin shan magani na garinmu ya koya wa Zuwaira yadda ake dafa sirinjin da yadda ake sokawa, don ni ban iya soka wa kaina allura ba. Shi ne ya ce in babu firigo a sa kwalaben a gindin randa cikin jiƙaƙƙen yashi, ya ce da damina hakan yana yi, amma bazara ba zai rantse a kanta ba. To ni ba na son maganar da ba a rantsewa a kanta. Ina cikin wannan tunani na ji wani Bature mai harkar auduga zai koma ƙasarsu, yana sayar da kayan gidansa, ciki har da firigo mai aiki da kananzir.

Ba ni da abin sayensa sai in na rabu da mobilet ɗina, ɗan babur ɗin da nake hawa. Na zauna na auna. Da mobilet, ba na taka ciwon zuwa kasuwa, amma magani yana gindin randa yana jiran bazara. Da firigo, magani ya sami sanyi, ni kuma in taka. Zuwaira ta ce a bar mobilet ɗin, randa ba ta taɓa ba mu kunya ba. Na ce mata likita da bakinsa ya ce sanyi, bai ce babur ba. Na sayar.

Ranar da aka sauke firigon unguwa ta cika gidanmu. Fari ne, ya kai ni kafaɗa, a gindinsa akwai tanki da lagwani kamar na fitila. Mutane suka yi ta mamakin yadda wuta za ta haifi sanyi, ni ma ban sani ba har yau, ban kuma tambaya ba. Abu ne mai tsirfa. In bai tsaya daidai ba ba ya aiki, sai da muka yi ta cusa masa gutsattsarin katako. In lagwani ya karkace sai ya yi hayaƙi, ɗaki ya ɗauki wari, kai ya yi ta sara. Ni na kasa da shi. Zuwaira ce ta gane halinsa. Ta iya datse lagwanin da almakashi har wutar ta koma shuɗiya, ta durƙusa ta leƙa ta kamar mai duba jariri.

A cikinsa akwai benaye, can sama kuma akwai wani ɗan ɗaki mai ƙofarsa daban. Ba a yi shawarar inda za a sa maganin ba, don babu abin shawara. A gidanmu kayan maigida ba ya zama ƙarƙashin kayan kowa. Akushina ba a ajiye shi a ƙasa, hulata ba a ɗora zane a kanta, butata babu mai taɓawa. Haka uwata ta yi wa ubana, haka Zuwaira ta tarar. Yaya za a yi maganin da zai shiga jikina ya kwana ƙarƙashin tukunyar miya da ragowar kifi? Ta naɗe kwalaben a farin ƙyalle, ta sa su a ɗakin sama, ta rufe musu ƙofarsu.

Farkon abin ya yi kyau. Muna tsimin kananzir, wutar can ƙasa-ƙasa, firigon yana ba da sanyi irin na randa mai kyau, ko ya ɗan fi. Ƙishirwa ta sake ni. Ciwon ya bushe daga gefe, ya fara haɗewa, har na koma sa takalmi sau-ciki ranar Juma'a. Na aika wa Abduljalil cewa ya ba wani ɗakin zaurensa haya.

Sai kananzir ya yi tsada. Ba a Jugu kaɗai ba, ko'ina, har masu kawo shi daga Najeriya suka fara jan aji. Firigon kuwa bai san tsada ba, sha yake yi dare da rana kamar doki. Ni kuma tafiyar kasuwa a ƙasa ta fara cin ƙarfina, wasu ranakun ba na fita, cinikin ya ja baya. Muka zauna da Zuwaira. Na ce ko a riƙa kashe shi da rana. Ta ce ai da rana ake zafin. Na ce to a mayar da kwalaben gindin randa. Ta ce bazara ta riga ta shigo, kuma wanda ya sayar da babur saboda abu ba ya mayar da abin akwatin ajiye kwanoni. Ta ce in bar mata, firigon zai ciyar da kansa.

Haka ta fara jiƙa zoɓo da tsamiya tana ɗurawa a kwalabe. Ta cika benayen ƙasa taf. Don su yi sanyi da wuri ta ɗaga lagwani, wutar ta ƙaru, kuma a nan ne muka gano amfanin ɗakin saman: ruwa in ya kwana a ciki dutse yake zama. Ta sami ƙananan gwangwanaye tana yin ƙanƙara. A Jugu, a tsakiyar bazara, ƙanƙara! Masu shayi na tasha suka riƙa aikowa, matan ma'aikata suka riƙa zuwa da kansu, har daga garin Seru wani mai biki ya turo a saya masa. Kananzir bai sake yankewa a gidanmu ba. Cefane ma, in faɗi gaskiya, daga firigon ya koma fitowa.

Kwalabena suna nan a mazauninsu, gwangwanaye kewaye da su. Da safe in ta ɗauko ɗaya sai ta ga ta daskare. Sai ta zauna a bakin gado, ta dunƙule ta a tafin hannunta, tana hura mata iska, har ta narke, sannan ta zuƙa ta soka min. Ta ce yanzu ne maganin yake samun sanyin da likita yake nufi, da can wasa muke yi. Na yarda da ita. Ina jin daɗin zaman nan na safe, ita da kwalba a hannu, ni ina jan carbi.

Ƙishirwa ta dawo. Na yi shiru da ita kwana biyu, amma randa ba ta ɓoye sirri, Zuwaira ta ga yadda ruwa ke sauka. Ta tsare ni ta ce me nake ci a kasuwa. Na ce babu. Ta ce ƙarya nake yi, ta san ni da alewa, ta san ni da dabino, wato ita tana nan tana fama da lagwani ni ina can ina zuba wa cikina sukari. Na rantse mata, abin da ban taɓa yi wa mace ba. Ba ta yarda ba. Ta rage min tuwo, ta ɗauke zuma daga gidan gaba ɗaya, ta koma ba ni ruwan shuwaka ina sha ina yamutsa fuska. Da ta ga duk da haka ina ramewa, sai ta ce wataƙila yawan buɗe firigon da ake yi wa masu saye ne ke sa zafi yana shiga wa maganin. Ta ƙara ɗaga lagwani.

Ciwon da ya kusa rufewa ya buɗe. Yatsan ya yi duhu, na kusa da shi ya bi. Abin da zai ba mutum mamaki, babu zafi. Ina kallon ƙafar kamar ta wani ce aka ba ni ajiya. Zuwaira tana wankewa da ruwan gishiri safe da yamma, ina ganin hannunta a kai, ba na jin komai. A raina ma haka. Ban ji tsoro ba, ban yi addu'ar da ta wuce ta kullum ba. Ina zaune a tabarma, masu sayen ƙanƙara suna shiga suna fita suna yi min sannu, ina amsawa. Da wari ya fara, sai na koma zama a bayan ɗaki don kada in kore mata ciniki.

Wani direba ne ya kai wa Abduljalil labari. Abduljalil ya zo da motar haya, bai ko zauna ba. Bai ce ai na faɗa maka ba, kuma da ya faɗa da ya fi min sauƙi. Aka kwantar da ni a kujerar baya. Zuwaira ta ce a jira ta, ta shiga ta haɗa maganin: ta jera kwalaben a tsakiyar ƙanƙara, ta naɗe da ganyen goro, ta sa a kwando cikin dusar katako, yadda zai kai Paraku bai ji rana ba. Ta riƙe kwandon a gabanta duk tsawon hanya.

Likitan bai daɗe yana dubawa ba. Ya ce gobe da safe za a yanke, ƙasa da gwiwa. Ya ce in aka ƙara jira, sama da gwiwa. Na ce to. Abduljalil ya fita waje, na ji yana fyace hanci. Zuwaira ba ta jin Faransanci, amma ta ga inda likitan ya ja layi da yatsa, ba ta buƙaci tafinta ba.

Bayan azahar wata malamar asibiti ta zo gadona. 'Yar kudu ce, ba ta jin Hausa, ba ta jin yaren Dendi, sai Faransanci. Ta ce abin yana ɗaure mata kai, mutumin da ake yi wa allura kullum bai kamata sukarinsa ya kai haka ba. Ko ina tsallakewa? Na ce ko sau ɗaya. Wa ke yi min? Na nuna Zuwaira. Ta sa Zuwaira ta gwada mata yadda take zuƙa da yadda take sokawa, ta gyaɗa kai ta ce daidai ne, hannunta ya fi na wasu ma'aikatan. Na juya wa Zuwaira wannan da Hausa. Rabon da in ga haƙoranta tun kafin yatsan ya yi baƙi.

Sai malamar ta ce a nuna mata maganin.

Zuwaira ta jawo kwando da saurinta. Ta kwance ganyen a hankali, ƙanƙarar ba ta gama narkewa ba, kwalaben suna kwance a tsakiya. Ta ce in gaya wa malamar cewa tun bazara maganin nan bai taɓa kwana bai zama dutse ba, ko da kananzir ya fi tsada ba ta bari wutar ta yi ƙasa ba. Ta ce in gaya mata da hannunta take narkar da shi kowace safiya. Na juya duka, kalma bayan kalma, har da ɗan alfaharina a ciki.

Malamar ta ɗauki kwalba ɗaya ta ɗaga ta saitin taga, ta juya ta. Ruwan ya yi gudaji-gudaji, wasu sun manne a jikin gilashin, kamar madarar da ta tsinke. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta yi magana, ba da faɗa ba, da muryar wanda ya gaji. Ta ce maganin nan sanyi yake so, ba daskarewa ba. In ya daskare sau ɗaya ya lalace, ko an narkar da shi ba ya komawa yadda yake. Ta ce tun ranar da ya fara zama dutse, kusan ruwa ake soka min. Ta tambaya ko ba wanda ya gaya mana. Na ce an ce mana sanyi. Ta tattara kwalaben duka ta zuba a bokitin shara da ke gindin gado, ta goge hannunta a riga.

Na kwanta ina kallon rufi. Na nemi fushi ban samu ba. Na nemi wanda zan ɗora wa, likita, Bature, mai kananzir, ni kaina, duk babu wanda ya tsaya min a rai. Abin da na ji kawai shi ne bakina ya bushe.

Zuwaira tana kallon bokitin. Ta ce, “Maigida, me ta ce?”

Na ce, “Ta ce sanyin ya ɗan yi yawa. Nan gaba a sa shi a benen ƙasa.”

Ta ce maganar malamar ta fi haka tsawo. Na ce Faransanci haka yake, surutu ne da shi. Ta ce ba a zubar da magani a shara don sanyi ya ɗan yi yawa. Na dubi hannunta. Ina da sauran ƙafa ɗaya, kuma hannun da zai ci gaba da yi min allura shi ne wannan da ke riƙe da jiƙaƙƙen ganye. In na rufe mata, wata rana za ta sake ganin ina rama ta sake ɗaga lagwani.

Ta ce, “Tun yaushe ya yi yawa?”

Na ce, “Tun bazara. Tun ranar da ya fara zama dutse.”

Ba ta yi kuka ba. Na so ta yi, da na sami abin yi da bakina. Ta ninke ganyen ɗaya bayan ɗaya ta mayar cikin kwando, ta tura kwandon ƙarƙashin gado. Ta zauna a ƙarshen katifa, kusa da ƙafar, inda ko Abduljalil bai iya tsayawa ba saboda wari. Malamar tana nan tsaye, ba ta san ko ta tafi ba. Can Zuwaira ta ɗago ta ce in tambaye ta, in an yanke ƙafar, me suke yi da ita. Na tambaya. Malamar ta ce akwai inda asibiti ke kai irin waɗannan. Zuwaira ta ce a'a, wannan ƙafar Musulmi ce, ta yi alwala ta je masallaci, ba za a haɗa ta da tsummokara ba. A ba ta.

Ta ce, “Ni na kashe ta, ni zan yi mata sutura.”

Rabin ƙarshe kawai na juya wa malamar. Ta ce za ta yi wa likita magana.

Aka yi aikin da safe kamar yadda aka ce. Ban farka sosai ba sai wajen la'asar, na ga Abduljalil a kujera, ban ga Zuwaira ba. Shi ya gaya min sauran. An miƙa mata ƙafar a naɗe cikin farin yadi da roba. Ya ce a binne a maƙabartar Paraku, ga ta nan kusa, ta ce Jugu za ta kai. Ya ce to ta bari shi ya kai, ta ce ya zauna da yayansa. Ya raka ta tasha. Direban motar Jugu ya ga ƙunshin, ya miƙa hannu zai ɗora a saman mota tare da buhunan doya, ta hana shi. Da motar ta tashi, Abduljalil ya ce, tana zaune a gefen taga da ƙunshin a kan cinyarta, ta rufe shi da gefen mayafinta.